Gida Na Huɗu a Sabuwar Jidda

Rafin Ɗorawa,
9 ga Janairu, 2023.

Zuwa ga 'yata Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da ɗanki Mazen. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da ta matsa min, da kunne wanda kin san ya yi nauyi. Shi ya sa na ce a daina wahalar da ke da waya: kina ta magana, ina ta "na'am, na'am", ban ji komai ba. Hajiya Asma'u mai rakiyar 'yan Umra ta ce ba ta yin wata biyu ba ta je Jidda ba, kuma ta yarda ta riƙa ɗaukar mana takarda.

Ita ce ta ba ni labarin rusau ɗin da aka yi muku a unguwar Karantina, ta ce kun koma ɗaki ɗaya a Ruwais. Allah ya musanya da mafi alheri.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A bana unguwar Sabuwar Jidda take cika shekara arba'in, kwamiti kuma ya ɗora min rubuta tarihinta, tunda ni ne sakatare tun ranar farko. Yaran yanzu suna ganin layuka a miƙe da darbejiya a jere, suna zaton haka Allah ya halicci wurin. Ba su san gonar dawa ce ta dagaci ba, wadda mutum ashirin da huɗu daga garin nan, masu neman abinci a Jidda, suka haɗu suka saya a 1983. Akwai 'yan dako na tashar jirgin ruwa a cikinsu, akwai teloli, akwai masu tura ruwa. Mahaifinki, Yaya Bello, shi ne ya tara su, shi ne kuma ya rubuta musu sharuɗɗa tara da hannunsa.

Abin da muke da shi a nan shi ne wanda na buga da tafireta aka kai wa dagaci. Na asali na ajami yana wurin Yaya Bello har ya rasu, na tabbata yana cikin kayansa. Ki taimaka ki ba Hajiya ta kawo min, in sa hotonsa a shafin farko, mutane su ga rubutun wanda ya kafa musu unguwa.

Ki gaida Mazen da kyau.

Baffanki,
Mustafa

*

Ruwais, Jidda,
20 ga Fabrairu, 2023.

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, wallahi sai da na yi hawaye, don rubutunka bai canza ba. Kai ne ka koya min haruffan nan lokacin da Baba ya kawo ni gida ina 'yar shekara goma sha biyu, kana zana min su da tsinke a ƙofar zaure. In ka ga kuskure ka yafe, Larabci ya cinye min rabin Hausa.

Muna lafiya, alhamdulillah. Ina nan ina ɗinkin abaya ga wani mai shago a kasuwar Bab Makka. Ɗakin Ruwais ƙarami ne, keken ɗinkina yana jikin gado, Mazen yana kwana a kan tabarma kusa da ƙofa. Namiji mai shekara ashirin da shida, Baffa.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan. A cikin jakar Alƙur'anin Baba na same ta. Da zan ba Hajiya, Mazen ya ce, "Ummi, bari in ɗauki hotonta tukuna." Na ce masa, "Aib, abin kunya! Ƙanin kakanka zan aika wa, ba kotu ba." Ya mayar da wayarsa aljihu.

Ka sa wannan a tarihinka. Baba ya ce a saman wani tsohon gida a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, suka zauna, kwana uku suna gardama. Sun yarda kada a gina bene, don kada wani ya leƙa tsakar gidan wani. Sun yarda kada a sare bishiya, kada a kafa injin niƙa. Sun yarda ba saye, ba haya, ba aro, sai ga ɗan ƙungiya ko zuriyarsa. Sharaɗi na bakwai ne ya kusa raba su, wanda ya ce gidan da ya shekara goma ba a hura wuta a murhunsa ba, ƙungiya za ta ba ɗan'uwan mai shi mafi kusa da ke zaune a gari. Baba ya ce daga baya abin ya dame shi, sai ya ƙara layi ɗaya a gefe da jan tawada: "Sai dai in magajin yana Ƙasa Mai Tsarki." Za ka gan shi.

Yanzu ga damuwata. Kamfanin da Mazen yake wa tuƙi ya rufe. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar nan, ya ce halas, an gama, ba zai sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, ba, kuma har yau bai sami wanda zai karɓe shi ba. In ta ƙare a Disamba, dole ya fita daga ƙasar da aka haife shi, aka haifi uwarsa, aka binne ubansa Othman. Fasfo ɗinsa na Najeriya ne, amma bai taɓa taka ta ba.

Ina so ya zo ya zauna a gidan Baba, gida na huɗu. Mukulli yana wurinka. Ka gaya min yaushe ya kamata ya taso.

'Yarka,
Luba

*

Rafin Ɗorawa,
12 ga Afrilu, 2023.

'Yata Luba,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadunmu. Muna lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, sai dai Sagiru ɗana ne ya kwanta zazzaɓi kwana biyar, ya tashi.

Takarda ta iso lafiya. Na daɗe ina kallon rubutun Yaya Bello. Labarin saman gidan Balad ma na sa shi a babi na ɗaya, don ni ban san shi ba. Abin da na sani shi ne na wannan ɓangaren. Ni na riƙe bakin igiya ranar da aka auna filaye. Na ga lokacin da motar siminti ta farko ta kafe a rafi, muka kwashe buhuna a ka. Garin nan bai taɓa ganin ginin bulo ba sai a lokacin. Mata suna zuwa daga ƙauyuka don kawai su taɓa bango.

Yau a cikin ashirin da huɗun nan, Alhaji Saleh ne kaɗai ya rage, shi ne shugaban kwamiti, ya haura tamanin. Gidaje goma sha shida akwai mutane a ciki. Takwas suna kulle, magadansu suna can wurinku.

Maganar Mazen ta taɓa ni ƙwarai. Amma kada a yi gaggawa. Rabon da a kwana a gida na huɗu tun zuwan Yaya Bello na ƙarshe, rufin yana yoyo ta wuri uku, gara ta ci ƙyauren ɗakin gabas. Yaron da ya tashi a Jidda ba zai iya damina a ciki ba. Tunda kin ce yana da lokaci har Disamba, ki bari ruwa ya ɗauke, a gama kaka, sannan mu san abin yi.

Ki kwantar da hankalinki. Muddin ina raye, gidan nan ba zai fita daga jininmu ba.

Baffanki,
Mustafa

*

Ruwais, Jidda,
3 ga Yuni, 2023.

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata an yi Sallah lafiya, kuma Sagiru ya warware sarai. Mu muna nan, zafi ya shigo, na'urar sanyin ɗakinmu tana ƙara kamar za ta faɗo mana.

Layinka na ƙarshe na karanta wa Mazen sau uku. Yana jin Hausa, mayarwa ce take ba shi wuya. Ya ce, "Ya'ani gidan namu ne?" Na ce, "Ka ji da kunnenka." Tun ranar ya sauya. Ya daina zaman bakin teku shi kaɗai. Kullum da safe sai ya tsare ni, "Ummi, yaya ake gaida dattijo? In durƙusa ko in ranƙwafa?" Jiya na same shi yana maimaita "ina gajiya, yaya iyali" a gaban madubi.

Ya ce shi yoyo bai dame shi ba, zai iya gyara rufi da kansa, ya taɓa aiki da masu kwano. Ya so ya taso bayan Babbar Sallah. Ni na hana shi. Na ce Baffa ya fi mu sanin damina, abin da ya ce shi za a yi.

Na saya masa tukwane biyu da bargo a Bab Makka. Na ɗinka labule uku, amma ban san faɗin tagogin ba, da ido na auna daga abin da na tuna. In ba damuwa, ka sa a auna min su.

Ka gaida Alhaji Saleh, ka ce 'yar Bello tana gaishe shi.

'Yarka,
Luba

*

Ruwais, Jidda,
18 ga Satumba, 2023.

Baffa,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Wata biyar ke nan ban ga rubutunka ba. Hajiya Asma'u ta zo sau biyu hannu wofi. Na tambaye ta ko ba ka da lafiya ne, ta ce ta gan ka a masallaci da ƙafarka, kuma a hannunka ta sa takardata ta Yuni. Na kira wayar Sagiru, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

Na zauna ina ta bincikar kaina. Ko maganar auna taga ce ta yi kama da ina aikenka? In haka ne ka yafe min, ban yi nufin raini ba. Mu da muka tashi a nan, wani lokaci muna faɗin magana a miƙe, ba mu san ta yi kaifi ba.

Kafilin Mazen ya riga ya shigar da takardun fita. Saura wata uku. Yaron ya daina tambayata, amma duk ranar da aka ce Hajiya ta sauka, sai ya dawo gida da wuri ya zauna yana kallon hannuna.

Na ji an ce ruwa ya fara ja baya a wajenku. Layi ɗaya ya ishe ni, Baffa: "ya taso ranar kaza."

'Yarka mai jiran amsa,
Luba

*

Ruwais, Jidda,
6 ga Nuwamba, 2023.

Baffa Mustafa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni dai jikina lafiya.

Ka san Tahani, 'yar marigayi mai gida na biyar, maƙwabcin Baba. Shekaranjiya ta same ni a shago, ta ja ni gefe, ta ce, "Luba, mabruk, barka, ashe kun gyara gida ba ki faɗa ba?" Na ce wane gida? Ta buɗe wayarta ta nuna min hoton da wata 'yar'uwarsu ta aiko mata daga bikin cika shekara arba'in. Ga rumfa, ga Alhaji Saleh a kujera, ga ka nan riƙe da littafi. A bayanku kuma ga gida na huɗu da sabon kwano yana ƙyalli, an yi masa fenti shuɗi, an shanya kayan yara a igiya.

Na ce mata, "Baffana ne yake shirya wa Mazen." Haka na faɗa, da ƙarfi, har mai shago ya juyo. Sai Tahani ta ce a hankali, "To kayan yaran na waye?"

Na dawo gida na ɗauko fasfo ɗin Baba na duba hatimi. Ya bar Najeriya zuwansa na ƙarshe ranar 22 ga Oktoba, 2013. Na ƙirga da yatsuna, na sake ƙirgawa. Shekara goma ta cika sati biyu da suka wuce.

Ban gaya wa Mazen ba tukuna. Ina gaya wa kaina akwai bayani. Wataƙila ka sa Sagiru ya shiga ne don ya riƙe mana. Wataƙila ka nuna wa kwamiti layin jan tawada, sun ce ba komai. Wataƙila Tahani ta ruɗe da lambar gida, ko da yake na gane bishiyar ƙofar.

Don girman Allah ka gaya min wanne ne.

Luba

*

Rafin Ɗorawa,
21 ga Nuwamba, 2023.

Luba,

Wa alaikumus salam. Takardunki uku duk sun iso hannuna. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni amsawa ba.

Abin da kika gani gaskiya ne. Ranar 25 ga Oktoba kwamiti ya zauna, ya zartar da sharaɗi na bakwai a kan gida na huɗu. Ni ne ɗan'uwa mafi kusa da ke zaune a gari, aka ba ni, na sa Sagiru da iyalinsa. Alhaji Saleh ya tambaye ni a gaban kowa, "Malam, ba a ji daga 'yar Bello ba?" Na ce, "Na rubuta mata." Ya ce, "Ta turo wani?" Na ce, "Ba wanda ya zo." Ban yi ƙarya ba ko ɗaya, kuma na san abin da na yi. Takardar ajami ban nuna musu ba. Tana cikin akwatina. Ko da na nuna, layin gefen nan hannun Yaya Bello ne shi kaɗai, babu shaida ko ɗaya a ƙarƙashinsa, babu shi kuma a takardar dagaci. Amma ba zan ɓoye miki ba: na ji tsoron Alhaji Saleh ya gan shi ya tuna.

Yanzu ki saurari nawa tarihin, wanda ban sa a littafi ba.

Sharaɗi na ɗaya ya ce ba mai samun fili sai wanda ya yi aiki a Jidda, ko zuriyarsa. Ni ƙani ne, ba zuriya ba. Ranar da na buga wannan layi da tafireta, na ɗaga kai na kalli Yaya Bello. Ya dafa ni ya ce, "Kada ka damu, baɗi zan aiko maka da biza, ka yi shekara biyu ka cancanta." Ina da shekara ashirin da bakwai. Na ƙi karɓar canjin makaranta zuwa birni saboda bizar nan. Duk zuwan da ya yi sai ya kawo min jallabiya da dabino, ya ce baɗi. Shekara talatin yana cewa baɗi, har Allah ya ɗauke shi.

Shekara arba'in ina rubuta wa unguwar nan bayanin taro, ban taɓa kwana a cikinta ba. Ni nake share gida na huɗu, ni nake kashe macizansa, in kulle in koma gidan ƙasa. Daminar 2020 ɗakin Sagiru ya rufta, da ƙyar aka zaro 'yarsa daga ƙarƙashin azara, har yau tana ɗingishi. Na je kwamiti da mukulli a hannuna na roƙi a bar su su fake a gidan ɗan'uwana zuwa rani. Aka buɗe littafi aka karanta min: ba aro. Da bakina na karanta, don ni ne sakatare. Wata huɗu suna kwana a zaurena, ɗaki huɗu na siminti suna kulle a ƙetaren hanya.

Ƙofa ɗaya tak mahaifinki ya bar min, ita ce sharaɗi na bakwai, sannan ya koma a ɓoye ya toshe ta da jan tawada. Na jira shekara goma. Saura wata takwas sai ga takardarki da maganar Mazen.

Ban ce na yi daidai ba. Amma na ce gidan ba zai fita daga jininmu ba, kuma bai fita ba. Mazen ya zo, zan ba shi zaurena, zan ciyar da shi kamar Sagiru.

Ga littafin tarihin na haɗo miki.

Mustafa

*

Ruwais, Jidda,
10 ga Disamba, 2023.

Baffa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata 'yar Sagiru tana samun sauƙin ƙafarta. Ban taɓa sanin abin da ya same ta ba sai yanzu.

Kwana tara takardarka tana ƙarƙashin keken ɗinkina. Na rubuta maka amsa biyu na yaga, don abin da ke ciki bai kamata 'ya ta faɗa wa uba ba.

Maganar biza na yarda da kai. Na tuna Baba yana cewa "baɗi" da sauƙi, mu ma ya sha faɗa mana. Bai kyauta maka ba, ina roƙon Allah ya yafe masa. Wannan sharaɗi na ɗaya kuwa, ni ban taɓa tsayawa na tambayi wanda ya bari a waje ba. Laifina ne.

Amma Baffa, a 2020 ina raye. Ni ce magajiyar gidan. Me ya sa ba ka rubuto min ba? Da na tashi magadan da ke nan kaf, mun rubuta wa Alhaji Saleh a sauya sharaɗin. Ko a Janairu da ka ce min, "Luba, ɗaki huɗu ne, Sagiru biyu, Mazen biyu," wallahi da na sumbaci takardar. Ba ka tambaye ni ba. Ka zaɓi ka nemi rubutun ubana da sunan tarihi. Ka san abin da ke gefen takardar kafin ka nema, ko ba ka sani ba? Wannan kaɗai ba ka amsa ba, ni kuma na daina son ji.

Abin da ba ya barina in ci abinci shi ne da hannuna ka yi aikin. Yaro ya ce zai ɗauki hoto, na kunyata shi. Ya ce zai taso a Yuli, na zaunar da shi. Da ya zo ya dafa shayi sau ɗaya a murhun nan, da magana ta ƙare. Kai kana ƙirga watanni, ni ina ɗinka labule.

Na karanta littafin. Ya yi kyau, har saman gidan Balad yana ciki. Hoton rubutun Baba ma yana shafin farko, an yanke gefensa. A shafi na sha tara ka rubuta: "Gida na huɗu. Alhaji Bello, ya rasu a Jidda, bai bar magaji a gari ba."

Da na gaya wa Mazen, bai yi faɗa ba. Ya karɓi littafin ya sa yatsa a layin, ya ce, "Ummi, mene ne magaji?" Na fassara masa. Ya ce, "A nan sun ce ni ba ɗan ƙasa ba ne. Can ma an rubuta babu ni?" 

Ranar Juma'a na tara magadan gidaje bakwai da suka rage a kulle, a gidan Tahani. Na karanta musu sharaɗi na bakwai da ƙarfi daga littafinka. Yawancinsu ba su taɓa jin sa ba, wasu ko Hausa ba sa karantawa. Sai kowa ya shiga laluben fasfo ɗin iyayensa. Ban ambaci sunanka da mugunta ba, na dai faɗi abin da ya faru da gida na huɗu, da abin da ya faru da 'yar Sagiru. Mun rubuta wa Alhaji Saleh takarda ɗaya, mu takwas muka sa hannu: a buɗe wa 'yan'uwa na gari ƙofar aro, a kuma daina ƙwace gida ba tare da an sanar da magaji a rubuce ba. Abin da za su yi da ita, su da Allah.

Gida na biyar saura masa wata uku ya cika goma. Tahani ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da mukulli ta sa a hannun Mazen. Ta ce, "Kai jikan Bello ne, zuriyar ɗan ƙungiya, sharaɗi bai hana ka ba. Yalla, je ka hura mana wuta." Ni kuwa na rufe fuskata da mayafi.

Saboda haka na gode da zauren, ba zai buƙace shi ba. Jirginsa zai sauka Kano ranar 19 ga wata, Hajiya Asma'u za ta rako shi har gari. Ba zan kai ka ƙara ba, ba kuma zan ce a fitar da yaran Sagiru ba, ba su suka yi min ba. Takardar Baba kawai nake so. Ka miƙa wa Mazen ita hannu da hannu, kana kallon fuskarsa.

Katanga ɗaya ce tsakanin na huɗu da na biyar. Duk ranar da ka zo wurin jikokinka, zai fito ya durƙusa ya gaishe ka, don haka na rene shi, kuma na gargaɗe shi kada ya fasa ko sau ɗaya. Ka amsa masa.

Ni kuwa kada ka ba Hajiya wata takarda domina. Na gaya mata kada ta karɓa.

Luba 'yar Bello